Andy Hug, Mahaucin Wohlen da Ya Koma Ɗan Koyo Yana da Shekara 29

 

Mutumin da zan yi magana a kansa ya rasu ranar 24 ga Agusta, 2000, a wani asibiti a Tokyo, yana da shekara 35. Sunansa Andy Hug, ɗan ƙasar Suwizalan. Ya yi suna a kareti, sannan ya sake yin wani sunan a damben naushi da shuri, wato wanda ake sa safar dambe a hau dandamali mai igiya, a yi da hannu a yi da ƙafa. In lissafin kofuna za a bi, akwai waɗanda suka sha gabansa a zamaninsa. Ernesto Hoost ya ci K-1, babbar gasar wannan wasa, sau 4, Peter Aerts sau 3, shi kuwa sau ɗaya tak. Na zaɓe shi ne domin a jikinsa aka fi ganin wani abu da masu horar da 'yan wasa suka sani, amma ba su cika faɗa wa yara ba: dokar wasa ita ke ƙera jikin mai yin sa, kuma abin da ta ƙera a ƙuruciya, warware shi aiki ne ja.

An haife shi a Zurich ranar 7 ga Satumba, 1964. Mahaifinsa soja ne a rundunar baƙi ta sojojin Faransa, ya kuma rasu a Tailan bai taɓa sa ɗan nasa a ido ba. Kakanninsa na wajen uwa ne suka rene shi tare da 'yan'uwansa biyu a Wohlen, wani ƙaramin gari a yankin Aargau. Kakan magini ne, gidan kuma ba na masu hali ba. Da ƙwallon ƙafa yaron ya fara, ya kuma iya ta har aka kira shi ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 16. Kareti ya shigo masa bai wuce shekara 11 ba, kakan bai so ba, kakar ce ta tsaya masa. Yana da shekara 15 ya ci gasar ƙasa da ake kira Kofin Oyama, yana da 17 suka buɗe makarantar kareti da abokansa a garin Bremgarten. A wannan tsakanin ya koyi fawa, ya gama a 1984, ya kama aiki a babbar mahautar garinsu. Mu da muka san dambe tun asali wasan Rundawa ne, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Dole in tsaya a kan irin karetin da ya koya, domin nan maganar take. Kareti iri-iri ne. Akasarin wanda ake gani a gasannin makarantu na maki ne, ana kai hari a janye hannu kafin ya yi ɓarna, alƙali ya ƙirga. Wanda Hug ya shiga sunansa Kyokushin, wanda Masutatsu Oyama, haifaffen Koriya mazaunin Japan, ya kafa hedikwatarsa a Tokyo a 1964, shekarar da aka haifi Hug. Oyama yana ganin karetin da ba a taɓa jiki wasan yara ne. A gasarsa ba safa, ba sulke. Ka naushi ƙirji da ciki da haƙarƙari iya ƙarfinka, ka shuri cinya har ta ƙi ɗaukar mai ita, ka kai ƙafa ko gwiwa har kai. Babban abin da aka hana: hannu ba ya taɓa fuska. Dalilin a fili yake, tsirarar dunƙule a fuska tana tsaga fata ta karya ƙashi, kuma da an bari da gasar ba za ta wuce zagayen farko ba.

To ku duba abin da wannan doka guda take yi wa mutum in ya shekara 15 a cikinta. Tun da ba ya tsoron naushi a fuska, sai ya saba matsowa ƙirji da ƙirji. Hannuwansa su sauko su tsare haƙarƙari, inda ake dukansa kullum. Haɓarsa ta zauna a sarari. Ba ya koyon kauce wa da kai, ba ya koyon karanta kafaɗar abokin karawa don ya gane naushin da ke tahowa, domin babu abin da ya taɓa tilasta masa. Kuma a cikin gasarsa duk wannan daidai ne, ko kusa ba sakaci ba ne. Haka ɗan dambenmu yake: hannu ɗaya aka naɗe masa da kara, ɗayan garkuwa ne da ma'aunin tazara. Ka sa masa safa biyu yau ka ce ya yi damben Turawa, za ka tarar hannun garkuwar bai san naushi ba, komai jaruntar mai shi.

A cikin wannan doka Hug ya zama gwani na gaske. Ya ci gasar Turai ta masu nauyi a Basalona a 1985, ya sake ci a Budapest a 1989. Amma ma'aunin kowane ɗan Kyokushin shi ne gasar duniya da ake yi a Tokyo kusan duk shekara 4 tun 1975, wadda babu rabon nauyi a cikinta, ƙato da siriri layi ɗaya. A 1984 ya kai cikin 16 na ƙarshe, Shokei Matsui ya fitar da shi. A 1987 ya dawo ya ture Ademir da Costa na Barazil, ya ture Akira Masuda, ya zama mutum na farko da ba Bajapane ba da ya kai wasan ƙarshe. Can ya sake tarar da Matsui, alƙalai suka ba Matsui. Wannan Matsui shi ne ya gaji shugabancin babban reshen ƙungiyar bayan rasuwar Oyama a 1994.

A gasar 1987 ne Japanawa suka ga makamin da ya zama tambarinsa, saran gatari. Yakan ɗaga ƙafa a miƙe har ta wuce kansa, ya sauko da dunduniya a kan fuska ko ƙashin wuya. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, 'yan taikwando sun daɗe da saninsa. Abin da ya yi shi ne ya gane inda ya dace da shi. Duk tsaron ɗan Kyokushin na gefe ne da na gaba: shuri yana zuwa daga dama ko hagu, naushi yana zuwa daga gaba. Ba wanda ya tanadi komai don abin da zai faɗo daga sama, ta tsakanin hannuwa biyu. Ga shi bahago ne, yana tsayawa da ƙafar dama a gaba, wanda ya ƙara rikita masu karanta shi. Mutum mai kilo 90 da wani abu ya ɗaga ƙafa haka cikin ƙiftawar ido, wannan sai wanda ya shekara da shekaru yana miƙa jijiya kowace safiya.

Gasar 1991 ta ƙare masa da ɗaci. Ya haɗu da wani matashi ɗan Barazil, Francisco Filho. Lokaci ya cika, alƙali ya yi alamar tsayawa, Hug ya saki jiki, ƙafar Filho ta same shi a kai ya zube a sume. Hukuncin da Oyama ya tabbatar shi ne an riga an saki shurin kafin tsayawar, don haka ya halatta. Har yau ana gardama a kai. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne wannan ce gasar duniya ta Kyokushin ta ƙarshe da ya shiga, kuma kambun da ya fi so bai taɓa riƙe shi ba. Filho ɗin nan ne ya zo ya ci shi a 1999, baƙo na farko da ya yi haka.

A 1992 ya koma ƙungiyar Seidokaikan ta Kazuyoshi Ishii a Osaka. Dalilin har da na abinci. Kyokushin wasan sa-kai ne, ana samun girma amma ba a samun abin cefane, Ishii kuwa ɗan kasuwa ne da ya san yadda ake cika zaure da jawo gidan talabijin. Hug ya ci kofin duniya na Seidokaikan a 1992 a kan Taiei Kin. A 1993 ya kai wasan ƙarshe da Masaaki Satake, aka yi ta ƙarin lokaci ba wanda ya kayar da wani, sai da aka koma fasa tayil da hannu don raba gardama, Satake ya fasa fiye da shi.

A wannan shekarar ce Ishii ya kafa K-1. Tsarin mai sauƙin fahimta ne, shi ya sa ya karɓu: mutum 8, dare ɗaya, turmi 3 na minti uku-uku, wanda ya ci faɗa 3 a jere shi ne sarki. Ana sa safa, kuma fuska halal ce. Waɗanda suka mamaye fagen tun farko 'yan makarantun Holan ne, mutanen da suka haɗa damben Turawa da shurin cinya tun suna yara, dogaye, masu nauyi. Aerts ya kai mita 1.92. Hug mita 1.80 ne, nauyinsa bai cika kilo 100 ba. Ya shiga wannan fage a Nuwamba 1993, yana da shekara 29, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye safa.

Farkon abin ya yi daɗi har ya ruɗi mutane. A Maris 1994 ya doke Branko Cikatić na Kuroshiya, wanda ya ci gasar farko ta K-1. Sai kowa ya ce ai kofin bana nasa ne. Ranar 30 ga Afrilu, 1994, aka haɗa shi da Patrick Smith na Amurka a zagayen farko. Smith bai tsaya gaisuwa ba, ya rufe shi da naushi a fuska, ya kai shi ƙasa, ya tashi, ya sake kai shi. Daƙiƙa 19 aka tashi wasan. Hug ya yi ƙorafin an yi gaggawar tsayarwa, wataƙila ma yana da gaskiya, amma duk wanda ya kalli faɗan ya ga inda ƙofar take. A Satumba ya rama, ya sumar da Smith da gwiwa kafin minti ɗaya ya cika. Ramuwar ta yi daɗi, sai dai ba ta rufe ƙofar ba, domin a 1995 Mike Bernardo na Afirka ta Kudu, mai hannu kamar guduma, ya bi ta nan ya tsayar da shi sau biyu cikin shekara ɗaya. Jaridu suka fara cewa ɗan kareti ba zai iya wannan wasa ba, wasu suka ce ya tsufa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan lacca. Mutumin da ake rusuna wa a kowace makarantar kareti daga Turai har Japan ya je ya tsaya gaban mai koyar da damben Turawa yana koyon abin da ake koya wa yaro a watansa na farko: ɗaga hannu, sunkuyar da haɓa, matsar da kai, fita ta gefe bayan ka kai hari. Cikin waɗanda suka horar da shi akwai Akinobu Hiranaka, tsohon zakaran duniya na WBA ɗan Okinawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa busasshe ne, kuma da kansa ya kai kansa a tanƙwara. Wahalar ba a koyon sabon take ba. Tana wajen danne tsohon, domin idan mutum ya gaji ko ya ji zafi, jiki yana komawa ga abin da ya fara sani, hannu ya sauko da kansa ba tare da an aike shi ba. Wani abin lura kuma, bai zubar da karetinsa don ya zama kwafin 'yan Holan ba. Da ya yi haka da ya zama gajeren ɗan Holan, an kuwa fi shi tsawo da daɗewa a harkar. Ya koyi hannu ne gwargwadon abin da zai tsare masa kai har ƙafarsa ta samu damar yin aikinta.

Ranar 6 ga Mayu, 1996, a zauren Yokohama, aka ga sakamakon. Faɗan farko da Duane van der Merwe bai kai minti ɗaya ba. Na biyu da Ernesto Hoost ne, wanda a ganina ba a taɓa yin mai tsabtar fasaha kamarsa ba a K-1. Turmi 3 suka ƙare ba a rabu ba, aka ƙara ɗaya, aka sake ƙara wani, sannan alƙalai suka rabu biyu, rinjaye ya faɗa wa Hug. Turmi 5 ke nan da Hoost, ana saran cinyarsa, kuma saura faɗa guda a daren. Wanda ke jiransa shi ne Bernardo, wanda ya riga ya fitar da Aerts mai riƙe da kofi a daren nan.

Ku lura da dabarar. Bai shiga musayar naushi da Bernardo ba, ya riga ya ɗanɗana sau biyu. Ya rufe fuska, ya riƙa zagayawa, ya riƙa saran ƙafar da Bernardo ke dogara a kanta in zai kai naushi. Mai naushi da ƙasa yake naushi, in ka ɗauke masa ƙafa ka rage masa hannu. A turmi na biyu ƙafar ta gaza, Bernardo ya faɗi, ya tashi da ƙyar. Sai Hug ya juya jiki gaba ɗaya ya aika dunduniya ƙasa-ƙasa ta sami cinyar nan da ta riga ta mutu. Shurin juyi kowa ya san shi, amma kai ake kai shi ko ciki. Kai shi cinya, a wasan ƙarshe, gaban mai naushin da ya sumar da kai, wannan sai mai ƙarfin hali. Bernardo bai iya ci gaba ba. Wannan shurin shi ake kira guguwar Hug.

Da tatsuniya ce da a nan za a ce ƙurunƙus. Amma ƙofar nan ba ta taɓa rufuwa ruf ba. A Yuli 1997 Filho ya shigo K-1, faɗansa na farko da safa, aka haɗa shi da Hug, wanda ya riga shi da kusan shekara 4 a harkar. Kowa ya zaci ranar ramuwar 1991 ce. Tun a turmin farko Filho ya sumar da shi, kuma da naushi a fuska, abin da shi ma Kyokushin ba ta koya masa ba. Duk da haka a ƙarshen shekarar, gaban mutum sama da 50,000 a Tokyo Dome, Hug ya doke Satake, ya doke Aerts, ya kai wasan ƙarshe, Hoost ya ci shi da maki. A 1998 ya sake kaiwa bayan ya wuce Ray Sefo da Sam Greco, Aerts ya kwantar da shi da shuri a kai. Wasan ƙarshe 3 a jere, ga mutumin da kusan duk wanda ya fuskanta ya fi shi tsawo da nauyi.

Mutane kan tambaya me ya sa Japanawa suka so shi fiye da waɗanda suka fi shi cin kofi. Sun yi masa laƙabi da samurai mai shuɗin ido, suna ganinsa a tallace-tallacen talabijin har da na taliya, yara suna kwaikwayon saran gatarinsa. Wani ɓangare na amsar kishi ne: kareti nasu ne, kuma baƙon nan ne ya hau dandamali da sunan kareti ya nuna yana aiki a kan ƙattin Turai, da ladabin da aka koya masa a makarantar kareti, rusunawa kafin faɗa da bayansa. Ɗaya ɓangaren shi ne sun ga faɗuwarsa da idonsu sau da yawa, sun kuma ga ya dawo ya nemi wanda ya kayar da shi. Amma zan sa baki a nan, domin akwai matasa a zauren. Labarin faɗuwa da tashi yana da daɗin ji, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta san daɗin labari ba. Duk suman da aka yi wa mutum rauni ne a cikin kai, kuma tsarin faɗa 3 a dare ɗaya an yi shi ne don mai kallo da mai talla. Ina girmama abin da Hug ya yi, amma ba zan ce wa mai horarwa ya mayar da yaron da aka sumar fage bayan 'yan makonni don a ce jarumi ne ba.

A gida ma ya yi aiki. Daga 1995 zuwa 2000 ya riƙa kai K-1 zauren Hallenstadion na Zurich duk shekara, a ƙasar da kafin shi wasan ba shi da kasuwa. A can ne ranar 3 ga Yuni, 2000, ya doke Mirko Filipović na Kuroshiya da maki bayan turmi 5, matashin da daga baya duniya ta sani da Cro Cop. Ranar 7 ga Yuli ya sumar da Nobu Hayashi a Sendai tun a turmin farko. Wannan ne faɗansa na ƙarshe, na 47 a wannan fage: ya ci 37, an ci shi 9, kunnen doki 1.

A watan Agusta zazzaɓi mai zafi da haɓo suka dame shi. Aka kwantar da shi a asibitin Nippon Medical School a Tokyo, gwaji ya nuna sankarar jini ce, irin wadda likitoci ke kira APL. A wannan cuta wani yanki na kuromosom na 15 da na 17 ne ke musayar wuri, sai fararen ƙwayoyin jini su tsaya a ɓargo ba su ƙarasa girma ba, su taru, su lalata yadda jini ke daskarewa. Abin takaicin shi ne tana cikin sankarar jinin da aka fi iya warkarwa. Tun shekarun 1980 likitocin Shanghai suka nuna cewa wani magani dangin bitamin A, mai suna ATRA, yana sa ƙwayoyin su ƙarasa girma, kuma a yau, haɗe da sinadarin arsenik, mafi yawan masu ita suna warkewa. Haɗarinta yana kwanakin farko, lokacin da jini kan ɓalle a ƙwaƙwalwa ko huhu kafin magani ya kama. Nan ta kama Hug. Tsakanin gano cutar da rasuwarsa ko mako ba a yi ba, saura mako 2 ya cika shekara 36, mako 7 kacal bayan ya sumar da mutum a Sendai. Gidajen talabijin na Japan suka katse shirye-shirye don sanarwa. An ƙona gawarsa bisa al'adar can, aka ajiye tokar a wani wurin ibada a Kyoto.

A Disamban shekarar Hoost ya ci kofinsa na uku. Sai a 2005 wani ɗan kareti ya sake cin K-1, wato Semmy Schilt na Holan, wanda ya fito daga salon Ashihara, reshen da ya ɓalle daga Kyokushin, ya kuma ci har sau 4. Schilt mita 2.12 ne, ya fi Hug da santimita 32, kuma yawancin masu naushi ba sa ma isa haɓarsa kafin ƙafarsa ta gaba ta tare su a ciki.